Gwaggo Fes da Sauro Mai Safa

Sunanta na gaskiya yana nan a jikin katin shaidarta, amma a layinsu babu mai kiranta da shi. Gwaggo Fes ake ce mata, yaro da babba, kuma ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba.

Ita ce babba a cikin su bakwai. Mahaifiyarsu ba ta da cikakkiyar lafiya, don haka tun hannunta bai kai igiyar shanya ba wankin gidan ya dawo kanta, sai ta taka kujera take shanya. Da ta girma ta samu aiki a sashen wanki na wani babban asibiti, ta yi shekara ashirin da takwas tana wanke zannuwan gado da fararen rigunan likitoci. A can ta samo sunan. An ce har babban likita sai da ya koyi cire biro daga aljihu kafin ya aika da rigarsa, domin ta taɓa bin sa har ofis da rigar a hannu, ta nuna masa tabon tawada, ta tambaye shi cikin ladabi ko haka ake yi a gidansu.

Mijinta direban babbar mota ne, ya yi shekaru a kan hanya kafin ciwon baya ya sauke shi. Mutanen layi Direba suke ce masa, ita kuma Malam take ce masa. Yakan ba da labarin cewa a satin farko na aurensu ta wanke masa wata hula da ya yi shekara uku yana lallaɓa ta kafin ta zauna daidai da kansa, kuma tun daga ranar bai sake mallakar wani abu mai datti ba sai tunaninsa. 'Ya'ya huɗu suka haifa, duk sun yi gidajensu. Auta ce kawai take zaune a garin, can wata unguwa.

Gidan ba wani babba ba ne: ɗaki biyu da falo, kicin, tsakar gida ta siminti, sai 'yar baranda mai inuwa inda Direba yake shimfiɗa doguwar kujerarsa. Sau biyu take share shi a rana. Wanda ya shigo mata da takalmi kuwa, ko shi wane ne, sai ya koma bakin ƙofa ya sake shigowa.

Abu ɗaya ne ya taɓa kunyata ta a zaman gidan, shi ne ruwa. Famfon layin sau biyu yake zuwa a sati, wata shekara kuma ya ɗauke har kwana goma sha tara. Gwaggo Fes ta ga kwanukanta sun kwana ba wanki, ta ga kanta tana bin gidajen mutane da bokiti. Daga nan ta sha alwashi. Ta tanadi randa biyu da jarkoki huɗu, ta kuma sa aka kawo mata ƙaton duro aka kafa a bayan kicin, daidai ƙarƙashin indararo. Ruwan sama, a cewarta, babu kamarsa wajen wankin fararen kaya. Ba ta rufe duron, wai ruwan da aka rufe yakan yi wani irin wari. Kowace safiya dai takan sa rariya ta tsame ganye da ƙura, har ruwan ya zama kana hango ƙasan duron. A kicin kuma, ƙafafun kabad ɗin abinci guda huɗu kowace tana tsaye a cikin gwangwanin ruwa, don kada kiyashi ya hau ya sami sukari.

Jikin katangarta ta waje akwai rumfar Mai Faci. Mutum ne mai fara'a, kullum hannunsa baƙi ƙirin, ga tayoyi jibge, ga bahon ruwan da yake tsoma tayar ciki don neman huji, ga kwatar da ta bi ta gaban rumfar ta tsaya cik ba ta gudu. Shekara goma sha ɗaya suna wannan maƙwabtaka. Kullum da safe zai gaishe ta da girmamawa, ita kuma ta amsa lafiya lau, sannan ta tambaye shi yadda kwatarsa ta kwana.

Ana tsakiyar damina Direba ya kwanta. Da ma al'adarsa ce bayan la'asar ya miƙe a baranda da rediyo a kan ciki, ƙafafu a waje, har barci ya ɗauke shi. Ranar ya tashi da zazzaɓi mai zafi. Washegari ya ce bayan idanunsa na ciwo, gaɓoɓinsa kuma kamar motar da ya tuƙa ce ta bi ta kansa da lodi. Auta ta zo ta kai shi asibiti. Aka gwada maleriya, babu. Aka sake ɗibar jini, likita ya ce zazzaɓin dengi ne, wanda wasu ke kira mai karya ƙashi. Ya ce sauro ne ke kawo shi, amma ba irin na maleriya ba, kuma a satin nan an kwantar da mutum biyu daga layinsu, tela da matar mai shago.

Kwana huɗu Direba ya yi ana masa ƙarin ruwa. Ranar farko Gwaggo ta duba zanin gadon, ta shinshina, ta ce wa Auta aiki ya lalace tun da suka bari. A rana ta biyu da ta ga jini kaɗan a dasashinsa, ta ga ma'aikatan jinya suna yawan leƙowa, ba ta ƙara maganar zani ba. Ta zauna a ƙarshen gadon ta riƙe ƙafarsa, ta yini a haka ko ruwa ba ta nema ba. Shekara arba'in da ɗaya tana yi wa mutumin nan faɗan ya goge ƙafa, ranar ce ta fara lura da yadda ƙafar ta tsufa.

Da aka sallame shi, tsoron ya koma fushi, kuma ta san inda za ta sauke shi. Ta saka mayafinta na fita, ta tafi ofishin lafiya na yankin, ta kai ƙarar kwatar Mai Faci tun daga shekarar farko har zuwa yau.

Ranar Talata da hantsi aka turo malamar duba-gari. Gajeriyar mace ce da za ta yi shekara arba'in da biyar, ba ta da hayaniya. A jakarta akwai ludayi mai dogon hannu, da farin kwano, da tocila, da 'yan kwalabe. Gwaggo ta tarye ta tun daga bakin layi ta shige gaba. Kafin su isa rumfar, mutane sun fara taruwa, domin an daɗe ana jiran wannan rana.

Malamar ta tsoma ludayi a kwata ta juye a farin kwano. Ga su nan birjik, tsutsotsi ƙanana suna mutsu-mutsu. Gwaggo ta gyara tsayuwa ta dubi jama'a. Mai Faci ya sunkuyar da kai yana murza tsumma a hannu.

Malamar ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta ce lalle 'ya'yan sauro ne, kuma dole a buɗe wa kwatar nan hanya kafin ƙarshen sati. Sai dai waɗannan na jan sauron nan ne mai kuka a kunne, wanda ke hana mutane barci. Ba su ne suka kwantar da Direba ba.

"Wanda muke nema ɗan gayu ne, Gwaggo," in ji ta. "Ba ya shiga ƙazanta. Ruwa mai kyau yake so, a cikin mazubi, a inuwa, kusa da mutane. Da rana yake cizo, da safe da kuma yamma. Kuma ba ya tafiya nesa. Inda ya ciji mutum, to gidansu na nan kusa."

Ta bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya tana haska cikinsu. Duk suna ƙarƙashin rumfa, a bushe ƙayau. Ruwan bahon kuma Mai Faci ya ce kullum da yamma yake zubarwa. Malamar ta rubuta wani abu a littafinta, ta juyo ta tambayi Gwaggo a hankali ko za su ɗan leƙa gidanta, tunda a nan mara lafiyar yake.

Wani ya yi tari, wata ta rufe baki da mayafi. Gwaggo ta dubi malamar tun daga sama har ƙasa.

"Bismillah, 'yar nan," ta ce. "Amma ki cire takalmi."

Malamar ta yaba gidan, kuma da gaske take. Ta ce shekara ashirin tana shiga gidajen mutane ba ta ga tsakar gida irin wannan ba. Ta buɗe randunan, a rufe suke ruf, babu komai. Jarkoki ma haka. Gwaggo na biye da ita tana murmushin wanda ya san sakamakon jarrabawarsa. Sai suka zagaya bayan kicin.

Malamar ta leƙa duron, ta haska tocila. Ruwan garai-garai, amma da hasken ya sauka sai wasu 'yan abubuwa suka yi ƙasa da gudu suna lanƙwasa jiki. Ta jira suka taso, ta kamfato su a ludayi.

Gwaggo ta ce ai waɗannan ta san su tun tana yarinya. Ƙwarin ruwan sama ne, tare da ruwan suke saukowa, kuma ita da kanta take tace su kafin wanki. Malamar ba ta yi musu ba. Ta shiga kicin, ta dudduba, sannan ta durƙusa a gaban kabad ta haska gwangwanayen nan huɗu. Uku daga ciki suna da irin waɗannan baƙin masu mutsu-mutsu.

"Gwaggo, yaushe rabon da ki wanke waɗannan?"

"Kullum sai na ƙara musu ruwa."

"Ƙarawa na ji. Wankewa fa?"

A duk rayuwarta ba a taɓa yi wa Gwaggo Fes wannan tambayar ba. Ta ce kabad ɗin yana da nauyi. Sannan ta ce ko ma mene ne, ruwan da ta tace da hannunta ba zai haifi sauro ba, kuma ita ta yi aikin asibiti tun malamar ba ta shiga makaranta ba.

Malamar ta ɗauko kwalba mai faɗin baki, ta zuba ruwan duron, ta saka tsutsotsin guda goma. Ta rufe bakin da ƙyallen gidan sauro ta ɗaure da roba. Ta ce kada Gwaggo ta yarda da ita, ta ajiye kwalbar a inuwa ta riƙa dubawa, za ta dawo bayan sati. Amma duron nan yau za a zubar da shi, wannan kam babu ciniki. Direba kuma ya riƙa kwanciya a gidan sauro ko da rana, don kada wani sauron ya cije shi ya kai wa wani.

Zubar da duro guda na ruwan sama ya fi ƙarfin zuciyar Gwaggo. Ta zuba omo a ciki, ta wanke labulaye, ta wanke zannuwan da ta wanke shekaranjiya, ta wanke hulunan Direba kaf, ta wanke baranda da tsakar gida da katangar banɗaki. La'asar na yi duron ya ƙare, ita ma ta kusa.

Kwalbar ta zauna a kan tagar falo. Ranar farko Gwaggo ta yi kamar ba ta san da ita ba. A rana ta biyu Direba ya hango ta daga cikin gidan sauronsa tana leƙawa, ya tambaye ta yaya baƙinta, ko sun samu abin karin kumallo. Ta ce masa mara lafiya hutawa aka ce ya yi, ba surutu ba. A rana ta uku ta ga wasu daga ciki sun daina zama tsutsa, sun dunƙule kamar waƙafi, suna wuntsila gudi-gudi in ta taɓa kwalbar. Wannan ya ɗan dame ta. Ta ce wa kanta wataƙila mutuwa za su yi.

A rana ta biyar da safe, ta gama shara ta zo goge tagar, sai ta ga ɗaya daga cikin dunƙulallun ya tsaya cik a saman ruwa. Ta ɗauko tabaran karatun Direba ta ɗora a kan nata. Tana kallo bayan abin ya tsage, wani abu ya riƙa zarowa a hankali, kai, sannan fukafukai, sannan dogayen ƙafafu. Ya tsaya a kan ruwan yana shan iska. A jikin ƙyallen kuma akwai wasu biyu da suka riga shi fitowa.

Baƙi ne wuluk. Ƙafafunsa da zoben fari, zoben baƙi, kamar wanda ya sa safar 'yan ƙwallo. A gadon bayansa akwai fararen zane guda biyu a lanƙwashe, da wasu sirara a tsakiya. Kuma ta san shi. Shekaru tana ganinsa yana shawagi a ƙafafunta in tana wanki a bayan kicin. Ba ya kuka, ba ya zama wuri ɗaya, har ta taɓa cewa a ranta wannan ɗan ƙwaron ya fi sauro kyan gani.

Ta nemi kujera ta zauna da tsumman a hannu. Ta tuna jinin da ta gani a dasashin mijinta. Ta tuna tela, da matar mai shago da ke da goyo. Kullum da safe ita take tsame wa abin nan ganye, ta gyara masa ruwa, ta bar masa duro a buɗe.

Direba ya ɗaga gidan sauro zai yi tsokana, ya ga fuskarta, ya fasa. Ya lallaɓo da ƙyar ya zauna kusa da ita, ya karɓi tabaransa ya duba kwalbar.

"To ai ba laifinki ba ne," ya ce daga baya. "Duk layin nan ya duba, ya zaɓi gidan da aka fi tsabta. Ni ma abin da na yi ke nan."

Ta ce masa ya koma ya kwanta. Amma ta goge ido da bakin zani, kuma da rana ta ci abinci.

Da malamar ta dawo ba ta ce "ai na faɗa miki" ba, Gwaggo kuma ta lura da hakan ta ajiye a ranta. Malamar ta kai ta gaban busasshen duron ta nuna mata wasu ɗige-ɗige baƙaƙe kamar garin gawayi, manne a jiki, sama kaɗan da inda ruwa yake tsayawa. Ƙwai ne. Ta ce wannan sauron ba a cikin ruwa yake zuba ƙwai ba, a bangon mazubi yake liƙa su, kuma suna iya yin watanni a bushe ba su mutu ba. Ranar da ruwa ya taɓa su sai su ƙyanƙyashe, cikin sati ɗaya ko kwana goma sun zama sauro. Saboda haka zubar da ruwa kawai bai isa ba, sai an sa soso an dirje. Ta fara kwatanta yadda ake dirzawa, Gwaggo ta karɓe soson ta tambaye ta ko wanki za ta koya mata.

Sauran kuwa ta saurara kamar ɗaliba. Ta koyi cewa macen ce ke cizo. Ta koyi cewa sauron maleriya in ya sauka yakan ɗaga gindi sama kamar mai shirin tsalle, 'ya'yansa kuma kwance suke a miƙe a saman ruwa, a kududdufin da rana ke bugu. Na kwata ja-ja ne, a durƙushe yake zama. Mai safa kuma 'ya'yansa suna rataye kai ƙasa, suna gudun haske. Gwangwanayen kabad aka wanke su aka zuba musu mai maimakon ruwa. Duro kuma aka ce a rufe shi da ƙyallen gidan sauro, a ɗaure tamau da roba mai ƙarfi, ruwa ya shiga, sauro ya tsaya a waje.

Roba mai ƙarfi kuwa a layin nan wuri ɗaya ake samunta. Kwana biyu Gwaggo tana gwada igiya, tana gwada tsohon ɗankwali, iska na yaye ƙyallen. A rana ta uku ta fita ta tsaya a gaban rumfar Mai Faci. Ya gaishe ta kamar kullum. Ta amsa, ba ta tambayi kwata ba. Ta ce tana son tsohuwar tayar ciki in akwai. Ya yanko mata doguwar roba, ya ce ba za ta iya ja ba, ya biyo ta. A bakin ƙofa ya cire takalmi ba tare da an ce masa ba, ya dubi ƙafafunsa, ya ga takalmin ma ya fi su tsabta, ya rasa yadda zai yi. Ta miƙo masa buta.

Da ya gama ɗaurewa ta tsaya tana duba aikin, ba ta kalle shi ba.

"Kwatarka dai har gobe kwata ce," ta ce. "Amma ba ita ba ce."

"Na gode, Gwaggo. Shekara goma sha ɗaya ban ji magana mai daɗi irin wannan ba."

Mutanen layi sun zaci abin zai sa ta yi sanyi. Asabar mai zuwa suka gan ta ta fito da ludayi da tocilar Direba da farin kwano. Ta fara da gidan tela, ta samu a faranti ƙarƙashin tukunyar fulawa. A gidan mai shago ta sa aka janye firij, ta zaro tiren da ruwa ke taruwa a bayansa, matar gidan ta ce ita ba ta ma san akwai wani tire a wurin ba. Ta samu a kaskon ruwan kaji, da murfin jarka da aka yar a bayan ɗaki, da wani takalmin roba da ya yi wata biyu a ƙarƙashin bishiya. Ba ta yi wa kowa gori, domin duk gidan da ta shiga da labarin duronta take farawa, tun kafin wani ya riga ta. Amma ba ta fita sai an dirje a gabanta. Har ta kai in an ji sallamarta ranar Asabar sai ka ji ƙarar kife bokitai tun daga gida na uku.

Ta yi kuskure kuma. A gidan malamin makaranta ta tarar da baho a bayan ɗaki da wasu 'yan abubuwa suna yawo a ciki. Malamin ba ya nan, ita kuma ba ta ɗauko tabarau ba. Ta kifar, ta dirje, ta jingine bahon. 'Ya'yan kifi ne da ya yi sati uku yana reno. Ta je ta ba shi haƙuri har sau biyu, shi kuma ya yi mata bayani cikin ɓacin rai cewa kifin ma tsutsar sauro yake ci. Daga ranar ta rataya tabaran a wuya.

Duk da haka mai safa bai bar barandarta ba. Da yamma takan kashe ɗaya ko biyu, ta shimfiɗa gawar a farar takarda ta duba ƙafafun. Ta sake bincike gidanta kaf, babu. Abin ya tsaya mata a rai. Sai wata rana ta hau benen mai shago duba matarsa, ta tsaya a taga tana shan iska, ta kalli ƙasa. A kan rufin rumfar Mai Faci akwai tayoyi biyar da ya danne kwanon rufin da su don kada iska ta ɗauke. Daga ƙasa ba a ganinsu. Daga sama kuwa kowace na ƙyalli da ruwa.

Ta sauko a hankali, ta aro tsani, ta miƙa wa Mai Faci ludayi da kwano ta ce ya hau ya ɗebo mata. Ya hau yana dariya, ya sauko ba ya yi. Ta haska tocila a kwanon, suka yi ƙasa da gudu. Ya tsaya yana jiran abin da za ta ce. Ta karɓi ludayinta ta ɗauraye, ta yi masa sai anjima, ta shige gida tana tafiya a natse. Daga baya ya faɗa wa Direba cewa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ranar ya huda tayoyin duka biyar, ya kuma buɗe wa kwatar hanya karo na biyu ba tare da an sa shi ba.

Ba za a ce sauro ya ƙare a layin ba. Jan nan yana nan yana kukansa, kuma da damina ta zagayo an sake kwantar da mutum ɗaya. Amma ɗaya ne, ba biyar ba kamar yadda aka ƙarasa a bara, kuma yanzu ko matan da ba su jituwa da Gwaggo sun san su kalli ƙafar sauro kafin su share gawarsa.

A wannan daminar ce malamar duba-gari ta aiko a gayyace ta ofishin lafiya, ta yi wa matan wasu unguwanni bayani, don ta ce sun fi jin maganar irinsu. Gwaggo ta ce ita ba ta iya jawabi ba, sannan ta yi kwana uku tana gwada shi a kan Direba har ya haddace. Auta ce ta raka ta. Suka isa da wuri, aka ce su jira a benci a baranda. Auta ta ɗan juya tana amsa waya, da ta waigo babu Gwaggo.

A bayan ginin Auta da malamar suka same ta. Tana durƙushe a gindin tagar ofishin shugaba, inda aka ajiye bokiti yana tarar ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Tabarau a hanci, tocila a hannu. Auta ta ce don Allah Inna ta tashi, nan ba gidansu ba ne, mutane na kallo.

Gwaggo ta ɗago ta miƙa wa malamar tocilar. Malamar ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"'Yar nan," in ji Gwaggo a hankali, "yaushe rabon da ku wanke wannan?"

Malamar ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ta ce a bar bokitin yadda yake. Su biyu suka kama shi, kowa da gefe, suka shiga da shi ɗakin taro suka ɗora a kan teburi a gaban mata sittin. Jawabin da Gwaggo ta haddace ko kalma ɗaya ba ta yi amfani da ita ba. Ta ce su taso layi-layi, kowa ta zo ta gani da idonta, kuma kada wadda ta tura wata, tsutsotsin sun isa kowa.